Lambar Jinin Nayibe

Muna tsakiyar cin abincin rana ran Lahadi a gidan surukata, Doña Edelmira, a Ciénaga, matata Nayibe ta ajiye cokali ta ce ta daina shan maganinta.

Doña Edel ba ta ko kalli 'yarta ba. Ni ta zuba wa ido.

"Wilfrido, da saninka?"

Na ce da sanina, da sanin likita kuma. Nayibe ta shiga yi mata bayani da irin muryar da take koya wa 'yan aji uku lissafi. Ta ce shekara uku ke nan lambar jininta tana ƙasa, Likita Osorio da kanta ta yarda a gwada, kuma duk wata za a riƙa aunawa. Ta ce ƙwayar tana iya nakasa ɗa a ciki, ita kuma tana son haihuwa.

Uwar ta bari sai da ta kai aya, sannan ta ture farantin kifi da shinkafar kwakwa gefe.

"Lokacin da saifarta ta kumbura har maƙwabta suka fara cewa ciki ne da ita, kana ina? Ni na yi jinyarta. Abu ɗaya tak na roƙe ka a bayan gidan nan ranar da ka zo neman aurenta."

Gaskiya ta faɗa. A gindin mangwaro ta tsayar da ni a wancan ranar, ta ce ba ta neman komai a wurina, sai dai kada in bari 'yarta ta tsallake ƙwayar nan ko sau ɗaya. Na kuwa rantse mata.

"Mami, jikina ne..." in ji Nayibe.

"Jikinki ne, amma ni zan binne shi."

Ta miƙe ta shige ɗaki. Daga can ciki ta ce 'yarta tana iya zuwa duk lokacin da ta ga dama, ni kuwa kada ƙafata ta sake taka mata baranda.

Nayibe tana da shekara ashirin aka gano tana da sankarar jini, irin mai tafiya a hankali. Ita kaɗai Doña Edel ta haifa, mahaifinta kuwa teku ya cinye shi tun tana ƙarama. Ni a bakin tafki na fara ganinta, ina gyaran injin kwale-kwale, ta kawo ɗalibanta kallon masunta. A haɗuwarmu ta uku ta ce da ni, "Ina da sankara, kuma ina son rawa. Wanne ya fi ba ka tsoro?" Na ce rawa, don kowa a unguwarmu ya san ƙafafuna ba sa jin kiɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar take kirana bakanikenta.

Bayan aure ne na koyi zama da lambar. Likita Osorio, wadda ke duba ta a Barranquilla, ta taɓa zana mini abin da yatsa a kan teburinta. Ta ce a cikin ɓargon Nayibe wasu ƙwayoyin halitta biyu ne suka manne inda bai kamata ba, suka haifar da wani abu da ake kira BCR-ABL, shi ke sa jini ya yi ta hayayyafa ba tsayawa. Ana ɗibar jini a aika Bogotá, a auna ko nawa ya rage na wannan abin. Da farko lambar Nayibe ta haura hamsin cikin ɗari. Ƙwayar imatinib da take sha kullum bayan abincin rana ta yi ta danne ta har ta koma 0.003. Likitar ba ta ɓoye mana komai ba: cikin masu dainawa a irin wannan matsayi, kusan rabi suna zama lafiya, rabi kuma lambar tana dawowa. In ta haura 0.1, an tsallake iyaka.

Wata na farko lambar ba ta motsa ba. Na biyu ma haka. A na uku Nayibe ta same ni a wurin aiki da rana tsaka, hannuna duk baƙin mai, ta tsaya a kaina tana murmushi. Na gane ciki ne da ita. Na rungume ta na ɓata mata farar riga, masunta suna ta yi mana tsiya, wani yana cewa ashe bakanike ya iya haɗa abin da ya fi inji.

Mako biyu bayan nan sakamako ya fito, 0.03.

Likita ta ce ba a kai iyaka ba, mu sa ido. Na wata mai zuwa ya zo 0.4.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu abin da ido zai gani. Nayibe ta yi kyau, kumatunta sun ciko, tana cin rogo da cuku kamar ba gobe, tana rawa a kicin. Ina kallonta ina tunanin wani abu yana can cikin ƙashinta yana ninka kansa, ba zafi, ba ƙara. Duk wata mu hau mota zuwa Barranquilla ta hanyar nan da ta ratsa tsakanin teku da tafki, inda matattun itatuwa suke tsaye fari fat cikin ruwan gishiri. Tun ina yaro nake bin hanyar ban taɓa kula da su ba. Yanzu sai in ga ina kawar da kai.

Likita Osorio ta shimfiɗa mana hanya biyu. Ko a cire cikin ta koma kan ƙwayarta nan take, ko a riƙe ta da allurar interferon, wadda ba ta taɓa ɗa amma ba ta da ƙarfin ƙwayar, har cikin ya yi ƙwari. Nayibe ba ta jira na buɗe baki ba ta zaɓi allura.

A hanyar komawa na yi ta lallashinta. Na ce muna da sauran shekaru, za mu sake gwadawa. Na ce ko ba mu haihu ba ni ta ishe ni.

"Sarauniyata, ki dube ni... ke na aura. Ban san wanda ke cikin nan ba tukuna."

"Ni na san ta."

"In na rasa ki fa?"

Ta kama hannuna ta ɗora a kan mararta, ta danne shi da nata biyu. Ta ce tun tana shekara ashirin kowa ke yanke mata abin da za ta yi da jikinta, likita da uwa da ƙwaya, wannan kaɗai ne ita ta zaɓa. Ta ce in zan tsaya tare da ita in tsaya, in kuma ba zan iya ba, kada in ƙara mata nauyi. Na tsaya.

Allurar ta wahalar da ita. Zazzaɓi, rawar ɗari a garin da ko da safe gumi ake yi, ciwon gaɓoɓi. Ta bar zuwa makaranta. In na dawo daga aiki sai in tarar an share gida, an wanke zannuwa, tukunyar miyar kaza tana kan murhu da sauran ɗumi. Doña Edel tana zuwa bayan fitata, ta tafi kafin in dawo. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a bakin ƙofa, na gaishe ta, ta wuce ni kamar ta wuce turken wuta.

Lambar ta kai biyu. Ta kai biyar.

Da cikin ya shiga wata na biyar, likita ta ce gaɓoɓin jaririyar sun gama haɗuwa, haɗarin ya ragu, a mayar da Nayibe kan ƙwayarta. Ranar na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Wannan ƙwaya ce ta riƙe ta shekara da shekaru, na san aikinta. Na sayo kankana na yanka mana, muka zauna a ƙofar gida muna gardamar suna.

Sakamako na gaba ya zo sha ɗaya.

Likita Osorio mace ce mai yawan wasa, takan tsokane ni a kan ƙumbana da ba sa rabuwa da baƙin mai. A wannan karon ba ta yi wasa ba. Ta sa aka sake ɗibar jini don wani gwaji dabam, ta ce in za mu dawo mu zo da mahaifiyar Nayibe.

Mu uku muka zauna a gabanta, Nayibe a tsakiya. Ta ce abin nan da ke cikin ɓargo ya sauya kama. Wani ɗan gurbi ne a jikinsa ƙwayar take shiga ta kashe shi, yanzu gurbin ya canza, ƙwayar ba ta da wurin kamawa. Sunan wannan sauyi T315I, kuma yana cikin masu taurin kai. Akwai magani guda da yake jin tsoro, sai dai ba a ba mai ciki. Don haka za a jira jaririyar ta yi ƙwarin da za ta iya numfashi da kanta, a ciro ta, a fara.

Nayibe ta tambayi ko nawa ne lokacin da take da shi kafin cutar ta juye ta zama mai gudu. Likita ta ce ba wanda ya sani, kuma ba za ta yi mata ƙarya ba.

Da aka shiga da Nayibe awo, muka rage ni da surukata a barandar asibiti. Karo na farko cikin watanni ta yi mini magana.

"Ka ji abin da rantsuwarka ta haifa."

Ban kare kaina ba. Na ce mata ko ranar za ta dawo, ban san yadda zan yi in hana 'yarta ba, abin da na sani kawai shi ne ba zan bar ta ta yi wannan tafiya ita kaɗai ba. Ta juya mini baya tana jan carbinta.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Da safe in tarar zanin gado sharkaf da gumi. Dasashinta ya fara jini in ta goge baki. Wani shuɗin tabo ya fito mata a cinya, ta rantse ba ta bugu da komai ba. Cikin yana girma, ita tana ramewa, har zoben aurenmu ya fara zamewa daga yatsarta, ta mayar da shi sarƙar wuya. Duk da haka in jaririyar ta motsa sai ta kira ni da sauri, "Bakanikena, zo ka ji, wannan ba ƙafarka ta gado ba, ta iya rawa."

A wata na takwas aka yi mata aiki. Mace ce, 'yar mitsitsiya, da gashi cike da kai da murya kamar ta babban mutum. Muka sa mata suna Saray. Kwanaki kaɗan aka bar Nayibe ta shayar da ita, daga nan aka kawo sabon maganin, aka ce nonon ya haramta ga yarinyar. Ranar da ta ba ta na ƙarshe ta ce mu fita mu bar su. Ta cikin ƙofa nake jin tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da ta buɗe, idonta a bushe yake, ta miƙa wa uwarta jaririyar, ta ce a ba ta ruwa ta sha ƙwayar.

Sabon maganin ya yi aiki, lambar ta sauko, muka fara sakin jiki. Wata uku kawai abin ya ɗore. Daga nan ta sake juyawa sama, kuma a wannan karon an ga ɗanyun ƙwayoyi a jininta, irin waɗanda bai kamata su fito daga ɓargo ba. Likita Osorio ta ce cutar ta fara gudu. Abin da ya rage shi ne dashen ɓargo, a Medellín, kuma ba da jimawa ba.

Nayibe ba ta da wa, ba ta da ƙane. Aka duba cikin masu bayarwa ba a sami wanda ya dace ba. Na miƙa hannuna aka gwada, ko kusa. Sai aka gwada Doña Edel, aka ce rabi ya dace. Likita ta yi mata bayani cewa a shekarunta ba ita ce zaɓin farko ba, jikin 'yar yana iya ƙin nata, nata kuma yana iya far wa jikin 'yar.

"Akwai wani bayan ni?"

"Babu."

"To ku ɗiba. In bai isa ba ku ƙara."

Muka bar Saray wurin yayata Dalgis, muka tafi. Ni da ban taɓa barin gaɓar teku ba, na tsinci kaina a gari mai duwatsu da sanyi. Aka kulle Nayibe a ɗaki mai gilashi, aka ba ta magungunan da suka kashe ɓargonta gaba ɗaya, mai cutar da mai lafiyar. Gashinta ya zube a kan matashi. Likitocin can suka ce daga yanzu ba komawa baya, in na uwar bai kama ba, ba ta da nata.

Da safe aka shiga da Doña Edel, aka huda ƙashin ƙugunta aka zuƙo ɓargo. Da la'asar na tsaya a bayan gilashi ina kallon wata jaka ja tana ɗiga cikin jijiyar matata. Ba ta da wani bambanci da jakar jinin da aka saba gani. Nayibe ta ɗaga mini yatsu biyu, ta rufe ido.

Wata nas ta ce tsohuwar tana nemana. Na same ta kwance rub da ciki, fuskarta ta yi fari, ta tsufa a yini ɗaya. Ta tambaya ko an saka wa 'yarta, na ce an saka. Ta tambaya ko duka ya shiga, na ce har ɗigon ƙarshe.

"Zauna, ɗana. Ƙafafunka rawa suke yi."

Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinta ba. Na zauna a bakin gadon.

"Na san abin da na haifa," in ji ta. "Da ka hana ta, da a ɓoye za ta yi, ba likita ba kowa. Ba ni da wanda zan yi fushi da shi ne... Ita ba zan iya ba, Allah kuma ina tsoro. Sai kai."

Na kifa kaina a kan katifar na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa. Ta ɗora hannunta a ƙeyata ta bar shi a nan.

Da ta iya miƙewa ta koma Ciénaga wurin jikarta. Ni na zauna. Zazzaɓi ya kama Nayibe har ta daina gane ni. Bakinta ya yi gyambo, ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Wata safiya likita ya ja ni gefe ya ce in akwai wanda ya kamata a kira a kira shi. Na riƙe wayar a hannu na kasa bugawa. Kwana biyu bayan nan zazzaɓin ya sauka, aka ga sababbin ƙwayoyi sun fara fitowa a jininta.

Sai kuma fatarta ta yi ja, ƙuraje suka feso tun daga tafin hannu har baya. Aka ce sabon ɓargon ne yake faɗa da jikin da ya tarar. Nayibe ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Mami ce. Ko a cikin jijiyata sai ta yi faɗa." A ranar na san matata tana nan.

Bayan wata uku aka yi gwaji biyu. Na farko na duba jinin wa ke gudana a jikinta, aka ce na uwarta ne gaba ɗaya. Na biyu na neman BCR-ABL. Likitan ya ce ba a gan shi ba. Na ce wato babu shi ke nan? Ya ce shi dai abin da zai iya faɗa shi ne ba a gan shi ba, kuma za a ci gaba da nema har tsawon shekaru. Ya ƙara da cewa Nayibe ba za ta sake haihuwa ba. Ta gyaɗa kai kawai.

Sai da muka shafe fiye da rabin shekara kafin aka sallame mu. Muka sauka a ƙofar gidan Doña Edel da hantsi. Nayibe ta rame, ta yi duhu, kanta ba gashi sai ɗan tsiro, ga takunkumi a fuska. Tun daga Barranquilla take gyara ɗankwalinta tana tambayata ko ta yi muni.

Saray tana tsaye a baranda, ta riƙe ƙafar kujera. Ba mu ga ranar da ta fara miƙewa ba, sai a waya. Nayibe ta durƙusa ta buɗe hannuwa.

"Zo, 'yata... zo wurin Mami."

Yarinyar ta ƙura mata ido, bakinta ya fara rawa, sai ta fashe da kuka ta rarrafa da gudu ta cusa kai cikin siket ɗin kakarta.

Na ga kafaɗun Nayibe sun sauka. Na matsa zan ɗaga ta, ta girgiza kai. Doña Edel ta so ta ɓamɓare yarinyar ta miƙa mata, ta ce a'a, a ƙyale ta, ai ba ta yi laifi ba.

Ta zauna a ƙasa daga nesa, ta jingina da bango. Haka ta yi washegari, haka ta yi a rana ta uku. Ba ta kiranta, ba ta miƙa hannu. Takan zauna kawai tana ɓare lemo ko tana ninke 'yan rigunanta, Saray tana leƙenta daga bayan kujera. In yarinyar ta yi barci ne take zuwa ta tsaya a kanta, ta daɗe tana kallo.

Wata yamma zafi ya yi yawa, Nayibe ta cire ɗankwalin ta ajiye a cinya. Ni da surukata muna zaune muna gyaran wake. Sai muka ga Saray ta saki kujera, ta taka ɗaya, biyu, tana tangaɗi, ta faɗa a kan gwiwar uwarta. Ta kama rigarta ta miƙe, ta kai hannu ta shafa ɗan gashin da ya fara tsirowa. Ta janye, ta duba tafinta, ta sake shafawa, sai ta yi dariya.

Nayibe ba ta motsa ba. Hawaye yana zuba yana jiƙa takunkumin, amma ko numfashi mai ƙarfi ta ƙi yi don kada ta firgita ta. Ta juyo da idonta kawai wajenmu.

"Kada wanda ya yi magana," ta ce a hankali. "Ku bar ta ta gama sanina."